Masar Ikilima a Bakin Bariki

Duk Ƙofar Wambai an san Ikilima da tambaya. Tun tana ƙarama, in ka ce mata wuta da zafi sai ta ce, "Wa ya taɓa?" Ni maƙwabciyarsu ce, kuma wallahi ta sha ba ni haushi.

A hannun gwaggonta Yagana ta tashi, mai masar da ta shekara arba'in a gaban tanda. Da masu masa suka kai biyar a lungun, ciniki ya mutu, ƙullu yana kwana har ya yi tsami. Gwaggo ta ce a kashe wuta, sana'a ta ƙare.

"Gwaggo, mu kai barikin soja na Shadawanka mana," in ji Ikilima.

"Mutanen bariki ba sa cin masa, sai burodi. Na je da ƙafata shekara talatin da suka wuce, ko ɗaya ban sayar ba."

Kowa ya san wannan maganar, ba wanda ya taɓa ja. Ikilima kuwa sai da ta tona.

"Wace rana kika je?"

"Ke dai kin cika naci! Lahadi ce, da hantsi."

Ikilima ta yi tsalle har ɗankwalinta ya faɗi. "Gwaggo, ai lokacin rabin barikin suna coci!"

Mu 'yan cikin gari ina ruwanmu da Lahadi? Rana ce kamar Talata. Gwaggo ta tsuke baki, ta ce mudu biyu na shinkafa suka rage, in Ikilima ta ɓarar da su shi ke nan.

Lahadin nan Ikilima ta cika kular abinci da masa, ta ɗauki miyar taushe, ta hau acaɓa dab da azahar. Ana tasowa daga coci, wata matar soja mai suna Paulina ta ɗanɗana guda, ta ƙwala wa ƙawayenta kira. Kafin la'asar kula ta koma fayau, har ana rigima a kan miya!

Yau tanda uku ke aiki a gidan, ni ma nan nake juya masa. Amma ranar da Ikilima ta dawo tana guɗa, Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon kular, sannan ta share ido da bakin zani.

"Shekara talatin," in ji ta, "ina fushi da mutanen da ba su ma san na je ba."