Yarinyar da Na Zuba wa Ido

Na haura arba'in kafin na shiga kwalejin horar da malamai. A darasin ilimin halayyar ɗan Adam malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ya lura da shi kwana uku, ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai, ban da zato. Kada yaron ya sani, domin mutum in ya san ana kallonsa sai ya canza hali. Ya kuma ce a nemi izinin iyaye. Wannan na ƙarshen na watsar. Izinin me, 'yar maƙwabciyata da aka haifa a gabana?

Na koma ƙauyenmu a Doguwa. Kwana uku ina zaune gindin ɗorawa kusa da rijiya, ina bin ta da ido ina rubutu. Ta ƙwace gwangwanin wata yarinya. Ta yi kuka. Ta bar wasa ta kwanta a inuwa.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ta, tana fizge-fizge tana kiran sunana.

Da hantsi kakarta ta faɗo gidana ba sallama, mata na biye da ita.

"Fito ki tsallake ta, ki sakar mana kurwarta."

"Inna, ni kike kira mayya?"

"Ni ban ce ba, yarinya ce ta faɗa. Me kike rubutawa kina kallonta kamar nama a faranti?"

In na tsallake ta, na amsa sunan ke nan, kuma za a ce 'ya'yana sun sha a nono. In na ƙi kuma ta mutu, ga maza sun fara taruwa a ƙofar gida.

Na bi su gidansu, na shiga ɗakin da yarinyar take kwance. Jikinta kamar garwashi. Kowa na jiran in ɗaga ƙafa. Sai na sunkuya na goya ta.

"Asibiti za ni. Wanda ya isa ya tare ni."

Uwarta kaɗai ta biyo ni. A kan babur ina jin numfashinta a wuyana, ina roƙon Allah kada ya tsaya. Don ita nake roƙo, amma ba zan yi ƙarya ba, har da don kaina.

Zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi mata allurai ta warke. A ƙauye kuwa aka ce tsoro na ji, na saki kurwar a hanya. Har yau in na shiga gidan suna, akwai matan da ke jan 'ya'yansu bayan zane.