Ranar da Na Zama Tafintan Baba a Sama

Zariya zuwa Kaduna

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da Asuba, muka bar Kusfa ni da Baba, za mu Legas a duba masa ido. Fijo muka shiga, kilomita tamanin, shingen 'yan sanda uku. Baba bai taɓa hawa jirgi ba. A mota ya ce, "Nuhu, yau kai ne kunnena. Duk abin da suka faɗa da Turanci ka mayar mini, kada ka rage komai." Na ce to.

Filin jirgin Kaduna

Ni malamin Turanci ne, amma Turancin 'yan jirgi haushi yake ba ni. Yarinya mai sanarwa, baƙa wuluk, ta toshe hanci, ta haɗiye rabin magana, ita a dole Baturiya. Jiran awa uku su kira shi "ɗan jinkiri". Haba! Sau huɗu tana ba mu haƙurin "duk wata damuwa da ka iya tasowa", alhali ga damuwar nan zaune a benci tana gumi. Har jan biro na zaro ina rubutawa a bayan tikiti.

A sama

Sha ɗaya da kwata muka tashi, aka ba mu shayi da burodi. Daf da Legas na lura zagaye muke yi, sau uku muna wuce ruwa guda. Sai direban jirgin ya yi magana cikin sanyin murya: "'yar ƙaramar matsala" ce, taya ɗaya ta ƙi fitowa, mu sunkuya mu riƙe kawunanmu. Wallahi na tsorata. Mutanen da awa uku ne "ɗan" a wurinsu!

"Me ya ce?" in ji Baba.

Baba na da hawan jini. Na ce, "Wai jirage sun yi yawa, layi muke jira."

Ina rufe baki wani tsoron ya danne na farko. In muka faɗi, ni na hana mahaifina cikawa da kalmar shahada. Na yi na yi in gyara, harshena ya ƙi. Jirgin ya daki ƙasa, ya karkata, mata na ihu, ya ja ciki ya tsaya tsakanin motocin kashe gobara.

Gida

Bayan kwana shida muka dawo, a jirgin ƙasa. Mun gode Allah, mun gode wa maƙwabtan da suka cika zaure da barka. Da suka watse na durƙusa na gaya wa Baba ƙaryar da na yi masa.

Ya ce, "Ai hannunka da ke rawa bisa gwiwata ya riga ya fassara mini. Na yi shahadata tun a zagaye na biyu. Taka na kasa kunne in ji, Nuhu. Har muka sauka ban ji ba."