Inna Ta Gaida Na'ura

A gidanmu na Yalwawa na sa wa mahaifiyata manhajar nan mai amsa tambaya a wayarta. Maganin kaskar awakinta take nema, amma Inna ba ta tambayar kowa komai sai ta gaishe shi.

"Ina kwana? Ya aiki? Ya iyali?"

Muryar ta ce ita na'ura ce, ba ta da iyali.

"Allah sarki," in ji Inna.

Na ce mata ta daina ɓata lokaci, abin nan ba mutum ba ne. Ta harare ni.

"Na ji. Amma ita tana tsayawa a gama gaisuwa. Kai fa?"

Tun ranar, sai na zauna nake gaishe ta.