Kibiya Mai Gashi da Kwarin Ubana

Kafin jikokina su riga ni, bari in faɗa da bakina: in akwai wawa a cikin wannan labari, ni ne. Sai dai a rubuta kusa da wannan cewa wawan ya kada barewa, masu wayon kuwa ƙaya kawai suka kwaso a ƙafa. Ina son a riƙe wannan da kyau.

Na yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, amma ban kai inda ake ba da takarda ba. Mushe, malaminmu, ya ce kaina na da kyau, zama ne ba ni da shi. Ni kuwa har yau ina ganin bencin ne ke da tauri. Abin da na fito da shi bai wuce gaisuwa da Faransanci ba, amma ya isa a garinmu, nan kusa da Tsarnawa, a riƙa ce mini ɗan lakwal har na yi furfura.

Ubana maharbi ne. Da ya rasu, bakansa da kwarinsa suka koma hannun Baffa, ƙanensa, wanda ke jan maharban garinmu daji. Kwarin na jar fata ne da gumi ya mayar baƙi, yana da murfi mai rufe baki ruf, don kada raɓa ta taɓa dafin kibau. Mu biyu ke sonsa: ni ɗan cikinsa, da taubashina, ɗan Goggo ƙanwar ubana. Kuma taubashin nan yana da hujja, don shekarun da nake gyangyaɗi a kan benci, shi ke bin ubana daji yana ɗaukar masa gora. Baffa ya zaunar da mu ya ce, "Ba ni raba ku da baki. Farautar rani na nan tahe. Wanda ya kada nama da kibiyatai, shi ɗauka."

Na ce to, amma da sauran magana. Kibiyarmu ta gado ba ta da komai a gindi: kyauro ne miƙaƙƙe, da ƙarfe mai kunnuwa a baki, sai dafi. Ba a yi ta don nisa ba. Maharbi shi ke rarrafe har ya ji numfashin nama, sannan ya saki. Ni kuwa Allah bai ba ni rarrafe ba. In akwai busasshen ganye ɗaya a dajin Illela, ƙafata za ta same shi. In na harba daga nesa, kibiyar sai ta tafi tana kaɗa gindi, ta faɗi inda ta ga dama.

Bayan girbi na tafi Malbaza lodin siminti a kamyo, wato babbar mota, lokacin gidan simintin bai daɗe da buɗewa ba. Wata Lahadi na ga wani Bature daga cikin masu kula da injuna, ya jingine buhun ƙaiƙayi a bango, ya ja baya can nesa yana harbinsa da baka. Kowace kibiya sai ta tafi sak, kamar an ja ta da zare. Na matsa na zuba masa duk Faransancin da nake da shi, ya ƙare kafin ya gama amsawa. Ya dai gane, ya miƙo mini ɗaya. Sai ga gashin tsuntsu guda uku a gindinta, a kwance, sun ɗan karkace. Na mayar masa na yi godiya, na tafi ina ji kamar ni na ƙago abin.

Da na koma gida na fara bincike, kuma a nan ina so masu ilimi su saurara. Na ce tunda gashi ke gyara tafiya, babban gashi zai fi gyarawa. Na je bayan mahauta na tsinto na angulu, na ɗaura su yadda suke. Kibiyar ta tashi da fur-fur-fur kamar an kori garken kurciyoyi, ta gaji a hanya, ta sauka a hankali. Baffa da ya ga abin da ke hannuna ya janye tabarmarsa.

"Gashin angulu? Bisa abin da za a harbi naman ci da shi? Tashi ka wanke hannu, kuma kada ka taɓa mani buta."

Na koma kan na kurciya. Wannan kuma ya yi laushi, ya yi ƙanƙanta, nauyin ƙarfe ya fi ƙarfinsa, kibiyar ba ta ma san an ɗaura mata wani abu ba. Daga nan na gwada na fiffiken zabuwa, mai tauri, mai zane. Na tsaga ƙashin gashin biyu, na kankare shi har ya kwanta, na manna da ƙaro, na naɗe da jijiya. Wata ta tafi daidai, wata ta yi rawa. Na daɗe ina juya su a hannu kafin in lura: gashin fiffiken dama da na hagu ba gefe ɗaya suke lanƙwasa ba. In ka haɗa su a kibiya ɗaya, faɗa suke yi. In duka na fiffike ɗaya ne, sai ta tafi tana juyawa kamar mazari. Ba wanda ya koya mini wannan, ko Baturen.

Saura tsayi. Mai tudu yana kuka a iska, nama ya ji ya zabura. Na riƙa rage shi da aska har ya zama tsawon ɗan yatsan tsakiya, faɗinsa bai kai farce ba, gaba siriri, baya ya ɗan tashi. Kuma dole a naɗe bakin gaban sosai. Ban san haka ba sai da ɗaya ta wuce ta yanke mini bayan hannu. Tabon na nan, mai shakka ya zo ya gani.

Taubashina kuwa kullum yana bisa katanga yana kallo.

"Ɗan lakwal, an ce ka yi wa kibiya gemu. Yaushe za a naɗa mata rawani mu zo gaisuwa?"

"Ranar da za ka zo roƙon nama."

"Kai dai ka riƙe ta da kyau, kada ta tashi ta bar ka."

Ranar farauta aka buga gangar maharba tun da hantsi, muka nufi tudun da ke arewa da gari, karnuka a gaba. Kowa da kwarinsa a kafaɗa, ni kuwa nawa kibau a naɗe cikin guntun tabarma, ana ta dariya. Rana ta take, ba abin da aka samu sai zomaye da karnuka suka kama. Muna gangarawa wani fako sai ga barewa tsaye can nesa, ta ɗaga kai tana kallonmu. Taubashina ya duƙa zai fara rarrafe, ya yi mini raɗa, "Kada ka motsa, kai mai ƙafar jaki." Na duba tsakaninmu da ita, ba ko ciyawar da za ta ɓoye ɓera. Na ce bismillahi, na ja har kunne, na saki.

Kibiyar ba ta yi kuka ba, ba ta yi rawa ba. Sai dai na ga barewa ta yi tsalle. Taubashina ya miƙe ya sakar mata tasa a guje. Muka bi ta, Baffa da wuƙa a hannu don a yanka kafin dafi ya gama da ita, kuma aka samu yankawa.

"Tawa ce!" in ji taubashina, yana haki. Al'adarmu, nama na mai kibiyar da aka samu a jiki ne, kuma kowa na da ƴan tsage-tsagen da yake yi wa kyauronsa. Sau da yawa akan yi ta gardama a kansu. Ran nan ba a sha wannan wahala ba. Gashin zabuwa na tsaye a bayan haƙarƙari kamar tuta. Ta taubashina kuwa a jikin kalgo aka ciro ta. Baffa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

A tsakar gida, gaban kowa, ya fito da baka da kwari ya ɗora mini a hannu. Warin ubana na nan a jikin fatar. Na ɗan juya baya na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido. Taubashina ya zo ya dafa ni ya ce ya yafe, amma cinya tasa ce, hakkin taubasantaka. Na ba shi, don mai nasara ba ya rowa.

Sai na warware tabarma na zura kibauna a kwarin. Suka shiga, amma murfi ya ƙi rufuwa. Na danna, gashi ya murƙushe. Na sake dannawa, ɗaya ya ɓalle. Maimakon in yi shiru, sai na gyara murya na miƙe tsaye. Na ce zamani ya sake, kibiya ta ci gaba, dole kwari ya bi ta. Ranar kasuwar Konni zan kai shi wurin baduku ya tsaga bakin ya faɗaɗa, murfin kuwa a yar.

Goggo na zaune tana yanyanka hanta. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Wanga kwari yayana ya ɗinka shi don kibau," ta ce. "In masu gashi kake son tarawa, ɗana, ga akurki can bayan rumbu."