Kwat ɗin da Kawu Rahmo Ya Lalata

Kawu Rahmo ƙanen kakata ne. Tela ne, gajere, mai faffaɗan kunnuwa, kuma duk garin Safad, a nan ƙasar Yahudawa, babu wanda ya kai shi zagin gwamnati. Da safe kafin ya buɗe shago sai ya tsaya bakin titi da kofin gahawarsa, ya zagi firaminista, ya zagi ministan kuɗi, ya haɗa da magajin gari saboda kwatar da ta toshe tun bara. In ya gama sai ya duba dama ya duba hagu, ya ga babu motar da ta tsaya dominsa, ya shige ya hau keken ɗinkinsa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, yau kuma me firaminista ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Gwadawa nake in ga ko har yanzu abin yana aiki."

A Dimashƙa aka haife shi, a unguwarmu ta Yahudawa, kuma wurin yayansa Salim ya koyi ɗinki. A lokacin Bayahude ba ya fita gari sai da izini, kuma kullum akwai wani ɗan leƙen asiri zaune a bakin lungu wanda ya san gidan da aka sayi burodi fiye da na jiya. Kawu yana saurayi ya gudu ta kan duwatsu. Dokar wurin kuwa ita ce, in ɗaya ya gudu, wanda ya rage shi zai amsa tambaya. Aka zo aka tafi da Salim. Da suka sako shi, yatsunsa ba sa iya riƙe allura. A can ya mutu, kafin a buɗe wa sauran ƙofa. Wannan duk daga bakin kakata na ji. Kawu bai taɓa ba ni labarin ba, kuma har ya tsufa ba ya kiran sunan mai mulkin Siriya. "Mutumin can" yake cewa, yana rage murya, a cikin shagonsa, a ƙasar da yake zagin kowa.

Ni sunana Eliran. Na bar makaranta kafin su kore ni, don kada su samu wannan daɗin. Bayan na gama aikin soja na raba tukunyar gas, na wanke motoci, na sayar da tabarau a bakin tafki, babu inda na zauna. A ƙarshe uwata ta ce tunda ina da tsohuwar mota kuma ba ni da abin yi, in riƙa kai Kawu duk inda zai je.

Shekarar da ƙasashen Larabawa suka rikice, Kawu ya ɗora talabijin a kan kantar zare. Duk wanda ya kawo wando a rage masa tsawo sai ya sha huɗuba.

"Shekara da shekaru masu mulkinsu suna gaya wa mutanensu mu ne ciwonsu. To ga mu nan muna shan shayi. Wa ke sako musu ganga cike da bam daga sama? Ni ne? Mu suka fara gwada sandar a kanmu, maƙwabta suna leƙe ta taga. Da muka ƙare sai sandar ta nemi wani bayan."

Yana faɗa da ƙarfi kamar wanda ya ci gardama. Amma da zarar an nuno Dimashƙa sai ya kashe sautin, ya tsayar da keke, ya yi ta kallo.

Da yaƙin Siriya ya yi tsanani, sojojinmu suka fara ɗauko waɗanda suka ji rauni daga bakin iyaka suna kawo su asibitin garinmu. Sukan zo babu komai sai jini da ƙura. Mutanen gari suka riƙa tara musu tufafi. Matsalar ita ce kowace riga tana da ɗan ƙyalle a wuya mai rubutun Ibrananci, kuma harafi ɗaya in aka gan shi a jikin mutum bayan ya koma, ya isa a kashe shi, ko dai gwamnati ko masu yaƙarta. Widad, wata nas Balarabiya Kirista da Kawu ke yi wa gyaran kayan aiki, ita ta fara kawo masa buhunan. Ba ya yankewa da almakashi, don yanka yana barin guntu, guntu kuma yana jawo tambaya. Da tsinin reza yake warware zaren ɗaya bayan ɗaya, ya goge wurin da dutsen guga.

Daga nan aka fara kiransa ɗakin majinyata ya auna wando wa masu ƙafa ɗaya. A can ya haɗu da Abu Nawras.

Ƙato ne, direban bas ɗin ƙauye daga kudancin Siriya, ƙafarsa ta hagu ta tafi daga gwiwa. Widad ta ce ranar da ya farfaɗo ya gane inda yake, ƙin cin abinci ya yi, yana jiran a zo a yanka shi. Ko sunan nan ba mu san nasa ne na gaske ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Kawu ya gaishe shi da Larabci. Mutumin ya zuba masa ido, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Baffa, daga wane kabari ka tono wannan maganar? Rabon da in ji irinta tun kakata tana da haƙora."

"Haka mutanen birni ke magana, baƙauye. Ɗaga hannu in auna ka."

"Ɗan Dimashƙa ne ashe. Shi ya sa. Ku ko a lahira sai kun raina mutane."

Ni Larabcina na kicin ne, na roƙon ƙarin abinci da na zagi, amma ya ishe ni bin su. Tun daga ranar, ko babu awo sai Kawu ya ce in kai shi. Yakan tafi da kibbe, wato dunƙulen nama da alkama, a kwano, su zauna su yi ta musun wace unguwa ta fi iya gasa nama, a garin da ɗaya ya rabu da shi tun yana saurayi, ɗayan kuma sau biyu ya taɓa shigarsa da bas.

Huɗubar ma ba ta tsaya a shago ba.

"Gaya mini, Abu Nawras. Wa ya cire maka ƙafa?"

"Ka sani."

"Wa ya ɗinke wurin?"

"Baffa, bar ni in ji da ciwo ɗaya."

Widad tana canza masa ƙarin ruwa, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Baba Rahmo, in wa'azin kake ji, zo ƙauyenmu in nuna maka gonar kakana da gwamnatin nan ta karɓe."

"Kin faɗa a gaban soja mai gadi, kuma gobe za ki zo aiki. Maganata ke nan."

"Maganarka ce. Ba ta dawo da gonar ba."

Kawu ya tura mata kwanon kibbe. Ta ɗauki biyu.

Abin da yake so wurin Abu Nawras ƙarami ne, a ganinsa. Yana so in ya koma ya gaya wa mutum ɗaya, ɗaya tak, cewa Yahudawa ne suka yi jinyarsa, kuma akwai wani tsoho ɗan Dimashƙa a nan da har yanzu ya san lungunan garin.

"Ko matarka kawai."

"Matata Jodan zan ce mata. Ita za ta riƙe, amma yara suna da kunne, kuma yara suna zuwa makaranta. Baffa, kai ne fa za ka gaya mini yadda abin yake?"

Kawu bai sake roƙonsa ba. A hanyar gida ya ce in tsaya a shago. Ya hau kujera ya sauko da wani yadin ulu mai ruwan toka da ya daɗe a naɗe cikin takarda. Ya ce shi ba zai koma ba, sunansa ma ba zai koma ba, to aƙalla wani abu da ya fito daga hannunsa, da irin ɗinkin da Salim ya koya masa, ya shiga ƙasar nan a kafaɗar mutum.

Ya ajiye wandunan mutane, suna zuwa suna masifa. Kwat ya ɗinka. Da hannu ya yi wuyan, da hannu ya yi ramin maɓallai, ya sa mata shafi mai santsi, ya ɗan sassauta hammata saboda sandar da mutumin zai riƙa dogarawa. Bai sa tambari ko ɗaya ba. Ni da ba na bambance kwat da buhu, da na gan ta a rataye sai da na ji kunyar rigar da ke jikina.

Saura 'yan kwanaki a mai da Abu Nawras muka kai masa. Ya miƙe a kan sabuwar ƙafarsa ta roba, Kawu ya ɗage ya saka masa.  Abu Nawras ya juya ya kalli kansa a gilashin taga, ya shafa gaban, ya shafa hannun. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire ta a hankali, ya ninke, ya miƙa wa Kawu.

"Ba zan iya tafiya da ita ba."

"Babu harafi ko ɗaya. Duba da kanka. Duba cikin aljihu."

"Na sani. Baffa, a garinmu yanzu labule ake yankawa a yi wa yara riga. Ƙafar zan ce masu agaji ne a Jodan, kowa ya san suna bayarwa. Wannan fa? Shingen farko da zan tarar, yaro mai bindiga zai ce, direba, ina ka samo kayan minista? Me zan ce masa?"

Kawu ya karɓi kwat ɗin. Shi da ya warware ƙyallaye buhu-buhu don kada a yi wa kowa tambaya, bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

A mota na ce, "Kawu, ni fa in na ci abinci sosai na wata biyu za ta yi mini daidai." Ko kallona bai yi ba. Kwat ɗin tana kan cinyarsa, ya ɗora hannu biyu a kai.

Washegari da hantsi ya kira ni bayan shago, inda ake zubar da shara. Ya riga ya farke shafin, ya maye shi da tsohon zanen gado. Ya cire maɓallan, ya sa wasu kowanne da kalarsa. Ya jiƙa ta da ragowar shayi, ya goga bakin hannun a jikin bango har zare ya fito. Ya karɓi sigarina ya ƙona wurare biyu a ƙirji. Da ya zo yin faci a gwiwar hannu sai ya ga ɗinkin yana fita a miƙe ko ya so ko bai so ba, don haka ya mai da allurar hannun hagu. Ya soki kansa ya fi a ƙirga. Jinin ma a jikinta ya goge.

Sannan ya shimfiɗa ta a kan tsakuwa, ya ɗiga mata baƙin mai, ya ce, "Hau motarka."

"Kawu."

"Ka iya taka duk abin da ke kan titi, na gani da idona. Taka wannan."

Na taka. Na dawo da baya. Ta madubi ina ganinsa tsaye, hannu a baya, kamar mai jiran bas.

"Sake," in ji shi.

Da muka mayar, Abu Nawras ya juya ta, ya sunsuna, ya saka. Ta koma irin wadda za ka gani a jikin kowane mutum a kowace tasha. Sai dai kafaɗar tana zaune daram, wannan mota ba ta iya ɓata shi ba.

"Yanzu ta zama tamu," ya ce. Ya ɗan yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "In wani ya ce wa ya ɗinka?"

"Ka ce wani tela ne a Dimashƙa. Ya daɗe da mutuwa."

Ya kama kan Kawu da manyan hannuwansa ya sumbaci goshinsa. Kawu ya ce ya sake shi, yana warin asibiti.

Da safe motar soja ta tafi da shi tare da wasu. Ba lambar waya, ba adireshi, don ko wannan ba a ɗauka.

Bayan wani lokaci sojojin gwamnati suka sake kwace kudancin ƙasar, mutane suka yi ta gudu zuwa bakin iyaka, aka daina kawo kowa asibitinmu. Idon Kawu ya riga ya yi rauni, talabijin ta yi masa nisa. Sai ya koma kirana in zo da wayata. Nakan zauna kusa da shi a shago, in nemo hotunan masu gudun, in riƙe masa dab da hanci. Duk inda aka nuno ƙaton mutum mai dogara sanda sai ya ce in tsayar.

Masu ƙafa ɗaya suna da yawa a hotunan nan. Kuma kusan kowa kwat ce a jikinsa, mai ruwan toka ko wadda ƙura ta mai da ita haka, da faci a gwiwar hannu, da maɓallai kala-kala.

Rannan na tsayar a kan wani da ya ba da baya, yana ɗauke da yarinya a kafaɗa. Na ƙara girman hoton har ya dushe.

"Ita ce, Kawu?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya kai yatsa kan gilashin wayar, daidai kafaɗar mutumin.

"Ban sani ba," ya ce. "Na yi aikin da kyau."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya janye yatsansa.

"Wuce gaba."