Hafsa da Waƙar Turawan Da

Na dawo daga tuƙi na tarar da 'yata Hafsa tana ƙwanƙwasa tebur da yatsa, bakinta na motsi. Na ɗauka tasbihi take yi.

"Baba, gaɓoɓi nake ƙirgawa. Waƙar Ingila ce ta ƙarni na sha takwas, layi bibbiyu masu ƙarewa da sauti ɗaya. Gobe jarrabawa."

Na ce, "Amsa-amo ke nan, irin na waƙoƙinmu."

Ta yi sororo. "Amsa me? Ya'ani ƙafiya?"

A nan unguwar Malaz ta Riyad aka haife ta, shi ya sa da Larabci ta san shi. Ta san karin waƙar Turawan da suka daɗe a kushewa, amma kalmar gidanmu baƙuwa ce a kunnenta. Na rasa abin yi, alfahari ko kuka.

Iyayen Riyad, haka naku suke?