Ganyen Magaryata

Ina tsaka da ba magaryata ruwa a Wuro Patuji, sai ga maƙwabcinmu Baba Hammadu da ƙwarya a hannu.

Ni mai digirin kimiyyar tsirrai, da kaina na fasa ƙwallonta na shuka domin yara da tsuntsaye. Ita kaɗai ta tsira bayan gudun hijirarmu, ganyenta ma ƙalilan ne.

Na ce, "Baba, a kimiyyance ba ta isa 'ya'ya ba tukuna."

Ya ce, "Ganye nake so, yaro. Raunin harsashin nan ya tafi da ɗana Buba. Wankan gawa za mu yi."

Na tsige duka na zuba masa.

Jama'a, ilmina ya gaza a nan: magaryar da aka yi wa haka tana sake toho kuwa?